Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Faifan Ajiya a Manhajar Kwaikwayon Tsofaffin Kwamfutoci

Yawancin masu fara amfani da manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, irin su 86Box da PCem da DOSBox-X, ba a wurin zaɓen katin sauti ko katin hoto suke tuntuɓe ba, a wurin faifai ne. Mutum ya ƙirƙiri faifai, ya kunna inji, sai allo ya tsaya cik, ko DOS, tsohon tsarin aikin da ke tafiyar da injin, ya rantse ba shi da labarin wani faifai. A nan an tattara tambayoyin da suka fi yawan tasowa. Don kada zance ya sarƙe, "injin ciki" na nufin tsohuwar kwamfutar da ake kwaikwaya, "kwamfutar waje" kuma ita ce ta gaske da ke gabanka.

Wai mene ne ainihin faifan da nake haɗa wa injin ciki?

Fayil ne kawai a kan kwamfutar waje. Idan ɗanyen fayil ne, wanda sunansa kan ƙare da .img, babu komai a cikinsa sai saktoci, wato ƙananan yankunan bayanai, jere da juna, kowace sakta bayit 512, daga ta farko har ta ƙarshe. Ba ya ɗauke da bayanin kansa. Bai san ko shi faifan shekarar 1983 ba ne ko na 1998, bai san kawunan karatu da rubutu nawa ake zaton yana da su ba. Manhajar kwaikwayo ce ke sa masa riga, ta gabatar da shi ga injin ciki a matsayin faifai mai juyawa. Rabin matsalolin da ke ƙasa daga wannan shirun na fayil suke fitowa.

Na ƙirƙiri faifai a saiti, amma DOS ya ce babu C:. Me na manta?

Watakila ba abu ɗaya ba. Matakai biyar ne, kuma tsallake kowanne yana hana C: aiki. Da farko sai injin yana da katin sarrafa faifai. A 86Box da PCem wurin zaɓen kati daban yake da wurin ƙara faifai, kuma tsofaffin injuna ba su zo da shi a jikinsu ba. Na biyu, nau'in hanyar da ka ba faifan ya dace da katin: faifan IDE ba zai yi magana da katin MFM ba. Na uku, a gaya wa BIOS, shirin da ke fara tayar da inji, akwai faifai. Na huɗu, a tashi inji da filofin DOS a buɗe FDISK, shirin raba faifai, a yanka kaso, a sa masa alamar cewa daga shi za a riƙa tashi, sannan a sake kunna inji. Na biyar, FORMAT C: /S, umarnin da ke shirya kason ya sa masa fayilolin tashi na DOS.

Sake kunnawar nan bayan FDISK ba ado ba ce. DOS yana raba haruffan faifai ne a lokacin tashi kawai, don haka kafin a sake kunnawa harafin C bai wanzu ba tukuna.

Me ya sa ake tambayata silinda da kawuna da saktoci? Ba girman faifai kaɗai ya isa ba?

A yau ya isa, domin kwamfutocin zamani suna kiran kowace sakta da lamba ɗaya, daga sifili zuwa sama, tsarin da ake kira LBA. Tsohuwar kwamfuta ba haka take nema ba. Lambobi uku take bayarwa: silinda ta nawa (wato layukan da'ira da ke saitin juna a kan farantan faifai), kai na nawa, sakta ta nawa a kan layin. A faifan gaske na wancan zamani lambobin nan sun dace da ƙarfen da ke ciki. Seagate ST-412, faifan megabayit 10 da aka sa wa IBM XT a 1983, yana da silinda 306, kawuna 4, saktoci 17 a kowane layi. Ka ninka su, ka ƙara ninkawa da 512, za ka sami bayit 10,653,696. ST-225 mai megabayit 20 kuwa silinda 615 ne, kawuna 4, saktoci 17, wato bayit 21,411,840.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan DOS ya nemi silinda 10, kai na 2, sakta ta 5, dole manhajar kwaikwayo ta lissafa inda wannan wuri ya faɗa a cikin fayil, kuma lissafin ya dogara kacokan da adadin kawuna da saktocin da aka gaya mata. Ka sauya kawuna daga 4 zuwa 16, lambobi ukun nan za su nuna wani wuri daban a cikin fayil ɗin nan dai. Bayanan suna nan, babu abin da ya goge, adireshinsu ne ya rikice. Shi ya sa dole wurare uku su yi baki ɗaya: saitin manhajar kwaikwayo, saitin BIOS, da abin da aka rubuta a teburin kaso ranar da aka yanka faifan. Shawarata ita ce ka rubuta lambobin uku a cikin sunan fayil tun ranar da ka ƙirƙire shi. Bayan wata shida ba za ka tuna ba.

MFM, RLL, ESDI, IDE, SCSI: wanne zan ɗauka?

Ka bi zamanin injin. Ga XT da makamantansa masu ƙwaƙwalwar sarrafawa 8088, MFM shi ne na asali. RLL ɗan'uwansa ne da ke cusa saktoci 26 a layin da MFM ke sa 17. ESDI bai yi dogon zamani ba, an fi ganinsa a manyan injunan ƙarshen shekarun 1980 da wasu samfuran PS/2, kuma in ba ɗaya daga cikinsu kake kwaikwaya ba, babu dalilin wahalar da kai. Daga 386 zuwa sama IDE ne mafi sauƙi, kusan kowane tsarin aiki ya san shi ba tare da direba ba.

SCSI na da daɗinsa: katin da ke da nasa BIOS ba ya jiran teburin faifai na injin, kuma igiya ɗaya tana ɗaukar na'urori bakwai ban da katin. Sai dai yana buƙatar direba a kusan kowane tsarin aiki, kuma ba kowane kati ne kowane tsari ya sani ba. Adaptec AHA-1542 na daga cikin waɗanda aka fi sani a zamanin ISA, hanyar da ake sa katuna a tsofaffin PC. Kada ka ba wata na'ura lamba 7, ta katin ce da kansa.

Wanda ke son XT amma ba ya son wahalar MFM yana iya zaɓar katin XT-IDE, wanda masu sha'awar tsofaffin injuna suka ƙera daga baya. Ba na zamanin ba ne, amma yana aiki lafiya.

A kan XT, FDISK ya ƙi ganin faifan MFM duk da kati yana nan.

BIOS na IBM PC da XT bai san babban faifai, wato na cikin inji saɓanin filofi, ba sam. Katin ne ke zuwa da nasa ɗan shirin a ROM, galibi a adireshin C800, shi ke koya wa injin. Kowane kati kuma yana da 'yan nau'o'in faifan da ya yarda da su, don haka sai lambobinka sun dace da ɗaya daga ciki. Fara da 306, 4, 17, wanda kusan kowa ya sani.

Wasu katunan kuma suna son a yi wa faifai fomat na tushe kafin FDISK, wato shimfiɗa layuka da saktoci tun daga farko. A katunan Western Digital da yawa ana shiga DEBUG a rubuta g=c800:5, shirin da ke cikin katin ya buɗe. Wasu kamfanonin sun ajiye nasu a wani adireshin. A nan ne wasu katunan ke rubuta siffar faifan, wato adadin silinda da kawuna da saktoci, a jikinsa, don haka ko da fayil ba shi da maganaɗisun da za a shimfiɗa, matakin yana da amfani.

Injin AT yana nuna 161 ko 162 yana ƙara, kuma babu maɓallin shiga saiti.

Ba lalacewa ba ce. IBM AT na 1984 yana ajiye saitinsa a CMOS, wata 'yar ƙwaƙwalwa da batir ke riƙewa, amma shirin saitin ba ya cikin BIOS, a kan filofin gwaje-gwaje na IBM yake. Lamba 161 na nufin batir, 162 saiti bai dace da kayan da ke jikin inji ba, 163 kuma agogo. Sabon injin kwaikwayo CMOS ɗinsa fanko ne, dole ya yi kuka. Ka danna F1, ka tashi da filofin saitin, ka gaya masa nau'in faifai da lamba. Nau'i na 1 shi ne 306, 4, 17, nau'i na 2 kuma 615, 4, 17. Ba ka da 'yancin rubuta lambobinka, sai dai ka ƙirƙiri fayil daidai da wani nau'in da ke cikin jerin. BIOS na AMI da suka biyo baya sun kawo nau'i na 47, inda mutum ke cika nasa da hannu.

Injunan PS/2 na IBM masu hanyar sa katuna ta MCA, waɗanda suka fito daga 1987, sun fi tsanani. Kowane samfuri yana da nasa filofin saiti, kuma duk katin da ka ƙara sai ka kawo fayil ɗinsa na ADF, mai bayanin katin, ka sake saiti.

Manhajar kwaikwayo tana ajiye CMOS a wani ƙaramin fayil. Ka goge shi, ko ka sauya samfurin inji, saitin faifai ya tafi, sai an sake.

Na yi faifan gigabayit 2, DOS yana ganin megabayit 504 kacal.

Wannan katanga ce ta gaske da mutane suka ci karo da ita a farkon shekarun 1990, kuma manhajar kwaikwayo mai aminci tana gina maka ita yadda take. Asalinta rashin jituwa ne tsakanin ƙa'idoji biyu. Hanyar da DOS ke bi ya roƙi BIOS karatu tana ɗaukar silinda 1024, kawuna 256, saktoci 63. IDE kuwa yana ɗaukar silinda 65,536, kawuna 16, saktoci 255. Kowannensu shi kaɗai yana iya kai wa nesa. Da aka haɗa su ba tare da mai fassara a tsakani ba, sai aka koma ga mafi ƙanƙanta a kowane gurbi: 1024 da 16 da 63. Ninka su da 512 ya ba da bayit 528,482,304, wanda wasu ke kira megabayit 528, wasu 504, gwargwadon yadda suke ƙirga megabayit.

Mafita uku ce. Ka zaɓi injin da BIOS ɗinsa ya iya fassara, wato na wajen 1994 zuwa sama, ka sa faifan a yanayin LBA. Ko ka yi abin da mutanen lokacin suka yi, ka sa shiri irin Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive wanda ke zama a farkon faifai yana fassarawa kafin DOS ya tashi. Ko kuma, wanda ni na fi so, ka haƙura da faifan da bai wuce 504 ba, in wuri ya ƙare ka ƙara na biyu. Shirye-shiryen fassarar nan suna aiki, amma ranar da ka tashi inji da filofi ba tare da su ba, ko ka so buɗe fayil ɗin daga kwamfutar waje, za ka gane kurenka.

Gargaɗi ɗaya: BIOS na Award da makamantansa suna ba da zaɓi tsakanin NORMAL da LARGE da LBA. Wanda ka zaɓa kafin FDISK, a kansa za ka zauna. Sauya shi daga baya daidai yake da sauya adadin kawuna.

Akwai wasu katangun bayan wannan?

Akwai, wasu na BIOS ne wasu na DOS. MS-DOS 3.3 ba ya iya kaso da ya wuce megabayit 32, saboda yana ƙirga saktoci da lambar da ba ta wuce 65,536. Compaq DOS 3.31 ne ya fara karya wannan a 1987, DOS 4.0 ya biyo a 1988. FAT16, tsarin da DOS ke jera fayiloli da shi a faifai, yana tsayawa a gigabayit 2 kowane kaso, sai da FAT32 ya zo tare da Windows 95 OSR2 a 1996. BIOS mai fassara shi ma yana ƙarewa a wajen gigabayit 8.4, wato 1024 sau 255 sau 63 sau 512, kuma MS-DOS 6.22 ba ya ganin abin da ke bayan nan ko da BIOS ya gani. Wasu BIOS na Award na ƙarshen shekarun 1990 suna daskarewa idan faifai ya haura wajen gigabayit 32. FDISK na Windows 98 yana rikita lissafi bayan gigabayit 64. Can gaba kuma akwai gigabayit 137, iyakar LBA mai bit 28.

To wane girma ya kamata in ba faifai?

Ƙarami fiye da yadda zuciyarka ke raya maka. XT megabayit 10 ko 20 ya ishe shi. 286 ko 386 na DOS, daga 40 zuwa 'yan ɗaruruwa. 486 mai Windows 3.1 zai yi walwala a ƙasa da 504. Windows 98 a kan Pentium, gigabayit 2 zuwa 8. Akwai ma riba a ƙanƙantar kaso: FAT16 na raba wuri gungu-gungu, kuma a kason da ya haura gigabayit 1 kowane gungu kilobayit 32 ne, don haka fayil mai layi ɗaya sai ya cinye 32 ɗin duka. A kason da ke tsakanin megabayit 256 da 511 gungun kilobayit 8 ne.

Ɗanyen fayil ko VHD?

Ɗanyen fayil kowa na karanta shi, kuma idan abu ya lalace ana iya leƙa cikinsa kai tsaye. Aibinsa shi ne wancan shirun: ba ya riƙe siffarsa. VHD, wanda Connectix ya ƙirƙira don Virtual PC kafin Microsoft ya saye shi a 2003, yana da ɗan bayani na bayit 512 a ƙarshen fayil inda aka rubuta silinda da kawuna da saktoci. Kuma Windows, tun daga Windows 7, yana iya haɗa shi kamar faifan gaske ba tare da ƙarin manhaja ba.

VHD iri uku ne. Mai tsayayyen girma ɗanyen fayil ne da aka liƙa wa wancan bayanin a wutsiya. Mai girma a hankali yana farawa ƙarami yana kumbura yayin da ake rubutu, amma ba ya komawa da kansa idan an goge abu. Na uku shi ne mai riƙe bambanci: uwa tana zaune ba a taɓa ta, duk sabon rubutu yana shiga fayil ɗin ɗa. Yana da kyau ga mai yawan gwaje-gwaje, sai dai in ka taɓa uwar ko sau ɗaya, 'ya'yan duka sun tashi daga aiki. Ga faifan da bai kai gigabayit ba, ni ban ga tsimin wurin da mai kumbura ke yi ya kai haɗarinsa ba.

Za ka iya cin karo da HDI. Na duniyar NEC PC-98 ta Japan ne, yana da nasa bayanin a farkon fayil.

Mene ne 0:0 da 0:1 da 1:0?

Lambar farko layin IDE ce, ta biyu matsayin na'ura a kan layin. Layi na farko yana adireshin 1F0 da IRQ 14, na biyu 170 da IRQ 15, kowanne na ɗaukar na'ura biyu. Faifan tashi ya zauna a 0:0. Na'urar CD ta fi zama lafiya a 1:0. Ka dai tabbatar injin yana da layi na biyu, domin katunan IDE na farko da yawa layi ɗaya gare su, kuma abin da ka rataya a layin da babu shi ba zai taɓa bayyana ba.

Filofi yana ciki amma inji ya ce ba ya karantuwa.

Duba girman fayil ɗin da bayit, shi ke faɗa maka irinsa. 368,640 na kilobayit 360 ne, 737,280 na 720, 1,228,800 na megabayit 1.2, 1,474,560 kuma na 1.44. Sannan ka duba ko na'urar filofin da ka zaɓa za ta iya ɗaukarsa: filofi mai inci uku da rabi ba ya shiga na'urar inci biyar da kwata, a kwaikwayo ma haka. Daga AT zuwa sama, nau'in na'urar da ke BIOS dole ya dace da wanda ke saitin manhaja.

Katin filofi na asali na PC da XT bai iya 1.2 ko 1.44 ba. DOS ma yana da nasa zamani: 720 ya shigo da DOS 3.2, 1.44 da DOS 3.3.

Idan saƙon shi ne "Non-System disk or disk error", filofin yana karantuwa, ba na tashi ba ne kawai. Sau da yawa ma mantawa aka yi da shi a ciki bayan an gama girka wani abu. Cire shi.

Filofin girka Windows 95 na farko ya wuce, na biyu ya ƙi. Wani tsohon wasa kuma yana ta neman filofinsa na asali alhali yana ciki.

Matsaloli biyu ne masu kama da juna. Microsoft ya rubuta filofan Windows 95, ban da na farko, da tsarin DMF mai saktoci 21 a layi maimakon 18, fayil ɗinsa bayit 1,720,320. Idan wanda ya kwafe shi ya ɗauka na 1.44 ne, saktoci uku sun zube a kowane layi, kuma babu saitin da zai dawo da su.

Wasan kuwa kariyar hana kwafi ce. Masu shi sun sa wa filofin wata alama da gangan, sakta mai baƙon girma ko lambar da ba ta bi jeri ba, kuma ɗanyen fayil ba shi da wurin ajiye irin wannan. Ana buƙatar tsarin da ke riƙe siffar layuka, kamar TD0 ko IMD, ko 86F na 86Box, ko kwafin da aka ɗauka daga maganaɗisun kansa da na'ura irin KryoFlux ko Greaseweazle. Mayar da irin waɗannan zuwa .img yana kashe alamar.

BIOS ya ga na'urar CD, DOS bai gani ba.

DOS bai taɓa sanin CD da kansa ba. Abu biyu yake so. A CONFIG.SYS a ɗora direban na'urar, misali DEVICE=OAKCDROM.SYS /D:MSCD001 ga na'urar ATAPI. A AUTOEXEC.BAT kuma MSCDEX.EXE /D:MSCD001. Sunan da ke bayan /D: zaɓinka ne, amma ya zama iri ɗaya a layukan biyu, kuskuren harafi ɗaya ya isa. Filofin tashi na Windows 98 yana ɗauke da direbobin nan a shirye, shi ya sa ake yawan aro shi ko da ba Windows 98 za a girka ba.

Tashi daga CD kai tsaye wani zance ne. Ƙa'idar El Torito a 1995 ta fito, BIOS da ya girme ta ba zai iya ba, sai a bi ta filofi.

Wasa yana tafiya amma kiɗansa ya ɓace.

Wasanni da yawa na shekarun 1990 sun ajiye kiɗa a layukan sauti na CD, daban da layin bayanai. Kwafin CD na ISO layin bayanai kaɗai yake ɗauka. Nemi kwafin CUE da BIN, kuma fayil ɗin CUE za ka ɗora, ba BIN ba.

Ta yaya zan shigar da fayiloli daga kwamfutar waje?

Hanya mafi aminci ita ce wadda ba ta taɓa babban faifan daga waje. Ka tara fayilolin ka yi musu ISO ka ɗora a na'urar CD, ko a 86Box ka nuna masa folda ya gabatar da ita kamar CD. Ka tuna fayilolin da aka kwafo daga CD sukan zo da alamar hana rubutu, ATTRIB -R ke cire ta. Ƙananan abubuwa kuma filofi ya ishe su.

Idan dole sai ka buɗe babban faifan, kashe injin ciki tukuna, kashewa ta gaske. Tsarin aiki biyu suna rubutu a FAT ɗaya a lokaci guda, kowanne da nasa tunanin inda babu kowa, ƙarshensa ɓarna ce. A Windows ana haɗa VHD daga wurin sarrafa faifai, a cire shi kafin a sake kunna inji. A Linux akwai losetup -P, ko mtools wanda ba ya ma buƙatar haɗawa. Abin lura shi ne kason farko ba a bakin fayil yake farawa ba. A faifai mai saktoci 63, DOS yana fara shi a sakta ta 63, wato bayan bayit 32,256.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne barin Windows na zamani ya yanka kaso ko ya yi fomat ga faifan da DOS zai tashi daga kai. Yana fara kaso a megabayit ɗaya ba tare da kula da iyakar silinda ba, kuma ba ya rubuta shirin tashi na DOS. Yanka da fomat aikin injin ciki ne. Ko kwafi kawai ka yi, Windows kan bar tasa ɓoyayyiyar folda, dogayen sunaye kuma DOS zai gan su a gutsure da alamar ~1. Tsofaffin kayan gyaran faifai da suka girmi Windows 95 suna iya ɗaukar dogayen sunayen nan a matsayin datti su share.

Na ɗauko faifai daga wata manhajar kwaikwayo, yanzu yana cewa "Missing operating system".

Kusan kullum siffa ce ta sauya. Shirin da ke sakta ta farko ya tashi lafiya, tunda wurinsa ba ya canzawa, ya duba teburin kaso, ya je adireshin da aka rubuta, ya tarar da wani abu daban. Kada ka yi fomat, kada ka bar SCANDISK ya "gyara". Nemo lambobin asali daga fayil ɗin saitin tsohuwar manhajar. In babu, faifan da kansa yana da shaida: saktar farko ta kason FAT tana riƙe adadin kawuna da saktocin da aka yi fomat da su. Idan ka ga kawuna 16 ko ƙasa, sa su yadda suke. Idan ka ga 32 ko 64 ko 128 ko 255, fassarar BIOS ce, sai ka bar faifan a kawuna 16 da saktoci 63 ka gwada LBA, in bai yi ba ka gwada LARGE.

FDISK /MBR yana sake rubuta shirin tashi ne kawai, ba ya gyara siffa, kuma a faifan da ke da Disk Manager ko EZ-Drive yana kashe mai fassarar.

Ko siffa ta daidaita, Windows 95 ko 98 da aka girka a wani inji zai farka ya ga kayan da bai sani ba, ya shiga neman direbobi. Windows NT kuwa idan katin faifai ya sauya yakan tsaya da shuɗin allo. DOS ne kaɗai ba ruwansa.

A DOSBox ina haɗa folda kawai ta zama C:. Me ya sa sauran ba sa haka?

Domin DOSBox, wanda DOSBox-X ya samo asali daga gare shi, ba faifai yake kwaikwaya a nan ba, DOS ɗin kansa yake kwaikwaya. Shiri ya ce a buɗe fayil, DOSBox ya miƙa buƙatar ga kwamfutar waje, babu sakta babu FAT. Shi ya sa MOUNT ke da sauƙi, shi ya sa kuma ba a iya tashin wani tsarin aiki daga folda, kuma kayan da ke taɓa saktoci kai tsaye ba sa aiki a kanta. 86Box da PCem ƙarfen suke kwaikwaya, DOS na gaske ke gudana a kai, shi kuwa saktoci yake nema.

In kana son faifai na sosai a DOSBox, IMGMOUNT ne, wani lokaci tare da siffa, kamar -size 512,63,16,1024. Kula da jerin: girman sakta, saktoci, kawuna, sannan silinda, wato a juye da yadda BIOS ke jera su. DOSBox-X yana da IMGMAKE na ƙirƙirar sabon fayil.

Na rufe tagar manhajar, da na dawo fayiloli sun lalace.

Rufe taga daidai yake da zare wuta daga bango. SMARTDRV yana riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci kafin ya sauke shi a faifai, Windows 95 da 98 ma haka. A DOS ka fita daga shiri, ka koma inda ake rubuta umarni, ka ba da SMARTDRV /C, sannan ka rufe. A Windows ka kashe ta hanyarsa ka jira ya ce an gama. Da yake faifan duka fayil ɗaya ne, kwafe shi gefe bayan ka gama girka tsarin aiki, kafin ka fara zuba direbobi. Ka haɗa da fayil ɗin saiti da na CMOS a kwafin.

Akwai amfanin rage gudun faifai da gangan?

86Box yana ba da zaɓi tsakanin gudu marar iyaka da gudun faifan wani zamani, mai jinkirin juyawa da neman layi. Lokacin girka tsarin aiki, sa marar iyaka, babu lada a zaman jira. Bayan nan ya danganta da abin da kake nema. Mai son ya ga yadda 386 ke buɗe Windows 3.1 a zamaninsa, ko mai gwada tsohon shirin auna gudu, sai ya mayar da shi daidai da shekarun injin. Sauya wannan zaɓin ba ya taɓa siffar faifai ko abin da ke cikinsa, kana iya juya shi duk lokacin da inji yake a kashe.